Bayan Digiri na Biyu, Sai Ina?

Ya ku jama'a masu saurarenmu, musamman mutanen Maikujera da Riji da Gandi da sauran garuruwan ƙasar Rabah, da na Wurno da Achida, da na Goronyo har ƙauyukan da ke bakin dam. 

Abin da ya jawo sharhinmu na yau wata 'yar magana ce da kunnena ya tsinta kwanakin baya, cikin wani zaure, a wani ƙauye kusa da Maikujera, inda na sauka gaisuwar rasuwa. Bayan an yi addu'a an shafa, jama'a sun ɗan ragu, sai wani dattijo ya dubi ɗansa da ya zo daga Sakkwato domin gaisuwar, saurayi ɗan kimanin shekara talatin, sanye da farar shadda wadda ta sha wanki har ta fara sanyi, ya ce masa a hankali, ba da faɗa ba, "Wanga karatu naka, ɗana, yaushe za shi ƙarewa?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, saura kaɗan in Allah ya so, kundin kawai ya rage." Dattijon ya yi shiru, ya ja carbinsa ƙwaya biyu ko uku, sa'an nan ya ce, "To, in ya ƙare, sai mi?" Har muka tashi daga zauren nan ban ji amsa ba.

Da muka fito na ja shi gindin wata bedi, na tambaye shi labarin karatunsa, ya kuwa ba ni shi daki-daki. Ya gama digirin farko, ya yi shekarar bautar ƙasa a wata jiha ta kudu, ya dawo ya shekara biyu yana yawo da takardunsa cikin jakar leda mai maɓalli, daga wannan ofis zuwa wancan, daga shagon kwamfuta na nan zuwa na can, yana cika fom yana biyan kuɗin bugawa da na hoto, har gefen takardun ya yi baƙi don yawan taɓawa; da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya roƙi mahaifinsa ya sayar da raguna biyu da 'yan buhunan gero, ya koma jami'a neman digiri na biyu. Na ce masa, "To, ƙanena, wane aiki ka ƙulla niyyar yi da shi?" Sai ya kau da kai ya ce, "Wallahi Malam, gara a ce ina karatu da a ce ina zaune." Wannan kalma ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin na tabbata ba shi kaɗai ne mai ita ba, kuma da za a bi ɗaliban babban karatu na jami'o'inmu ɗaya bayan ɗaya a rantsar da su, da an tarar da masu yawa daga cikinsu sun shiga ajin nan ne kamar yadda matafiyi yake shiga rumfar da ya gani a hanya idan ruwa ya sauko, ba don rumfar ce inda ya nufa ba.

Iyayenmu ba su da laifi idan sun zaci takarda ita ce ke kiran aiki, domin da idonsu suka ga zamanin da haka al'amarin yake, misalin kuwa yana nan a ƙofar gidanmu. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a Rabah cikin 1910, da ya gama Kwalejin Katsina cikin 1931 bai zauna jiran kowa ba, kai tsaye ya kama koyarwa a Midil ta Sakkwato, domin da ma an kafa kwalejin ne saboda horar da malaman da za a mayar lardunansu, cikin 1934 kuma aka ba shi hakimcin Rabah. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954, babbar damuwarsa ita ce kujerun aikin gwamnati sun fi 'yan Arewa masu takardar hawansu yawa, saboda haka aka ƙarfafa makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo a Zariya, aka yi ta tura samari ƙasashen waje, har aka kai ga kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. A wancan zamani aiki shi ke fakon yaro a bakin ƙofar makaranta, ba ya ko barinsa ya je gida ya huta. Wanda ya tashi ya ga haka, ko ya ji daga bakin wanda ya gani, ba abin mamaki ba ne idan ya sayar da ragonsa yana ganin ya sayi kujera.

Amma zamani riga ne, an daɗe da tuɓe waccan. Ranar 15 ga watan Maris na 2014 Hukumar Shige da Fice ta ƙasa ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na manyan birane, alhali mutum fiye da 500,000 ne suka nemi gurabun da ba su kai 5,000 ba, kowannensu kuma ya biya naira 1,000 kuɗin fom. Turmutsitsin da aka yi a ƙofofi, a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, ya ci rayukan mutum fiye da 15, galibinsu riƙe da irin jakar ledar da ƙanen nan nawa yake yawo da ita. Tun daga lokacin jami'o'i sai ƙaruwa suke yi, masu fitowa daga cikinsu sai ƙaruwa suke yi, a nan jiharmu ma bayan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa cikin 1975 an sami jami'ar jiha da wasu manyan makarantu, gurabun gwamnati kuwa ba su haihuwa kamar yadda ɗalibai suke haihuwa. Wanda ya ƙara digiri a kan digiri ba tare da ya san ƙofar da yake so ya ƙwanƙwasa ba, layin da ya baro shi zai koma, sai dai a wannan karo ya fi dā shekaru, aljihun mahaifinsa kuma ya fi dā sauƙi.

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu tun muna ƙanana cewa niyya tana zuwa ne a farkon aiki, ba a kabbara salla sa'an nan a tsaya shawarar ko azahar ce ko la'asar. To, haka shirin aiki yake ga mai babban karatu, wato lokacinsa shi ne ranar da ya ɗauki fom ɗin shiga, ko in ya makara ƙwarai, ranar da ya zauna zaɓen mas'alar da zai yi bincike a kanta. Wanda ya jinkirta shi sai ranar da aka miƙa masa shahada, ya yi kama da manomin da ya tuna da iri bayan damina ta raba tsakiya. Na san akwai mai cewa arziki na Allah ne, haka yake kuwa, babu mumini mai jayayya da wannan, sai dai malaman nan da suka koya mana tawakkali su ne kuma suka koya mana riƙon sababi, suka ce tadbiri ba ya rushe tawakkali, kasala ce kawai take ɓuya a bayansa.

Mu mutanen wannan yanki ma ba mu da uzurin jahiltar wannan babi, domin a ƙasarmu aka rubuta shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can cikin 1837, hubbarensa kuma yana nan ana ziyara har gobe, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman halali ta hanyar sana'a, mai suna Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi. A cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kuma, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka, da zaunar da su cikin garuruwa da ƙauyuka, a cikin abubuwan da ke kan wuyan shugaba. Kafin shi Imamu Gazali ya riga ya bayyana a cikin Ihya'u cewa ilmin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, kamar likitanci da lissafi da noma da saƙa, farillar kifaya ne, wadda idan wasu sun tsaya da ita ta sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kuwa kowa ya shiga laifi. Saboda haka tambayar da ta kamaci ɗalibin da ya fito daga Maikujera ko Wurno ko Goronyo, tun kafin ya tambayi wane kwas ne ya fi sauƙin samu, ita ce wace farillar kifaya ce aka bari a kwance a ƙasarmu, wa kuma yake da bukatar a tayar da ita har zai biya lada.

A nan nake so in daɗe kaɗan, domin a ganina nan ne gizo yake saƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rudun albasa ranar da ake buɗe shi ya san abin da nake nufi. Manomi ya cire albasarsa da rani, lokacin da kasuwa ta cika ta batse kuma buhu ba shi da daraja, sai ya kafa rudu da itace da kara, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya rufe da ciyawa, ya zuba amfaninsa ciki yana jiran watannin da za ta yi tsada. Ranar buɗewa, tun kafin a yaye ciyawar hanci ya riga ya ba da labari. Mata da yara su zauna a kan buhuna suna tsincewa, wannan tuli na mai kyau, wancan na wadda ta tsira ta fitar da kore, can gefe kuma ga wadda ta ruɓe tana tsiyayar ruwa, ƙudaje sun yi mata rumfa, shi kuwa mai gona yana tsaye hannu a ƙugu, yana ƙirga buhunan da ya zuba da waɗanda za su fita, ba ya ce wa kowa komai. Wannan hasara ana yin ta kowace shekara, a fadamun Wurno da Goronyo da Rabah, a albasa da tafarnuwa da tumatur. A daidai lokacin kuma, can cikin ɗakunan kwanan ɗalibai, akwai ɗan wannan manomin, ko ɗan maƙwabcinsa, yana neman taken binciken da wani ya riga ya yi a wata jami'a domin ya canza sunan gari kawai, ya raba takardun tambayoyi ga abokansa su cika masa a dare ɗaya, a ɗaure kundin da baƙin bango, a rubuta sunansa da ruwan zinariya, a jera shi a kanta inda ƙura da gara ne kaɗai masu karanta shi.

Da ɗalibin nan zai kwashe rani biyu a fadama da sikeli da littafi, yana auna abin da ya shiga rudu da abin da ya fito, yana gwada wace irin shimfiɗa da wace irin iska ce take rage ruɓa, yana zama da manoma da dillalai da direbobin da ke kai kaya kudu da malaman gona na ƙaramar hukuma, to, ranar da zai tsaya kare kundinsa gaban malamai zai kasance akwai mutum hamsin a waje da suka san fuskarsa, suka san yana da wani abu a kansa wanda su ba su da shi, a cikin hamsin ɗin nan kuwa ake samun mai ɗauka aiki, ko mai haɗa jari, ko mai ambaton sunansa a inda ba ya nan. Kundin bincike shi ne takardar neman aiki ta farko da mai digiri na biyu yake rubutawa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma yakan ɗauki shekara guda yana rubuta ta.

Ba albasa kaɗai ba ce. Ga madatsar ruwa ta Goronyo da aka gama ginawa a kan Gulbin Rima cikin 1984, mai iya riƙe ruwa kyubik mita miliyan 942, wadda wata shekarar ruwanta yakan ja baya har manoman rani su shiga zullumi, wata shekarar kuma, kamar 2010, ambaliyar gulbin ta share gonaki da gidaje har ta karya gadar da ke kai mutane mazaunin jami'a na dindindin. Wannan kaɗai ya ishi masu nazarin ruwa da ƙasa da tattalin arziki da lafiya aikin shekaru, kuma akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima wadda aikinta ke nan. Ga jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ƙetare hamada tun zamanin ayari har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, ga kuma kwalejin aikin gona da kiwo a Wurno da kasuwar dabbobi a Achida. Ɗalibin Larabci da na tarihi da na Hausa kada ya ce ba a zo kansa ba, domin ga rubuce-rubucen magabata a ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da waɗanda ke ƙunshe cikin gafakar gidajen malamai suna jiran mai tahƙiƙi da fassara, kuma wanda ya ƙware a karatun warash da ajami da tsara littafi a kwamfuta ya riƙe sana'ar da masu ita ba su da yawa.

Kada mai sauraro ya ce na zauna cikin sanyin ɗakin watsa labarai ina cewa yara su koma gona, kamar yadda masu manyan riguna suka saba faɗa a wurin taro. Na san harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni cikin Yulin 2018, lokacin da jama'a suka kwarara Gandi gudun hijira. Na san wanda suka kai kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021. Na san akwai gonakin da masu su suka shekara ba su taka ba, da hanyoyin da ba a bi bayan la'asar. Ɗalibin da ya ce yana tsoron shiga daji da littafi da waya a hannu bai yi ƙarya ba, kuma babu wanda zai ce masa ya jefa kansa cikin halaka saboda kundi. Wannan nauyi ne da ke kan hukuma, za mu ci gaba da tuna mata shi. Abin da nake cewa shi ne ko a sansanin 'yan gudun hijira, ko a asibitin gari, ko a makarantar da aka tara yaran ƙauyuka uku cikin aji ɗaya, mas'alolin bincike suna nan jibge, waɗanda suka fi na aro amfani ga mai su.

Sa'an nan kowace ƙofa tana da sharuɗɗanta, waɗanda ya kamata a sani tun da sauran lokaci. Mai son koyarwa a jami'a ya sani digiri na biyu ƙaramin malami yake mai da mutum, hawa sama kuwa sai da na uku, wanda ake kira digirin digirgir, da maƙalun da aka buga a mujallun ilmi, don haka ya fara fitar da maƙala daga kundinsa tun yana ɗalibi. Ya kuma sani tallafin ƙaro karatu na asusun TETFund na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ta hannun makarantunsu ake nema, wanda yake waje kada ya ɓata shekara yana jiransa. Mai son koyarwa a sakandare alhali bai karanta fannin ilmi ba, difloma ta koyarwa da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa sun fi masa digiri na biyu gaggawa. Mai hangen banki ko babban kamfani ya sani da yawansu sukan sa iyakar shekaru ga sabon ɗauka, ga shi kuwa yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, yana cin shekarun ɗalibi bai ci ba bai sha ba. Ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa da ke aiki a jiharmu, irin su UNICEF da ke da ofis a Sakkwato, da waɗanda suke ƙarƙashinsu, galibi abin da suke tambaya shi ne ko ka taɓa tattara bayanai a ƙauye, ko ka iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, ko ka iya rubuta rahoto mai shafi biyu da Ingilishi mai tsabta, ko kana jin Hausa da Fulatanci. Duk waɗannan kuwa ana iya koyonsu cikin shekarun karatun, idan mutum ya san za a tambaye shi.

Akwai wata ƙofa guda da nake roƙo a guje ta. Wani ɗan'uwana na jini ya taɓa tara kuɗin da ya kai na bijimi ya ba wani mutum mai santsin baki, wanda ya ce yana da hanya a wata ma'aikata a Abuja. Aka kawo masa takardar kama aiki mai tambari da sa hannu, aka yi walima a gida, ya hau mota ya kwana a hanya, da ya isa aka duba aka ce ba a san da sunansa ba, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga tun ranar. Ko da takardar ta zama ta gaskiya, rashawa ce, hukuncinta a shari'a ba ɓoyayye ba ne, kuma gurbin da aka saya haƙƙin wani ne aka danne. Iyaye su daina sayar da gona saboda wannan.

Yanzu bari in juya ga malaman jami'a, cikin ladabi, domin su ne iyayen gidan wannan al'amari. A tsarinmu na zaure, malami idan ya ba almajirinsa ijaza ba ya sakinsa haka nan, yakan dubi garin da ba shi da mai karantarwa ya tura shi, ya haɗa shi da wasiƙa zuwa ga hakimi ko limami, ya nema masa masauki, wani lokaci har aure yakan nema masa, domin yana ganin ilmin da ya zuba masa amana ce wadda ba ta cika sai ta sami inda za ta zauna. Na san malamin jami'a na yau yana da ɗalibai fiye da ƙima, albashinsa kuma ba ya kai shi ƙarshen wata, ba na ɗora masa abin da ba zai iya ba. Amma tambaya guda a ranar farko, wato ina ka nufa da wannan karatu, da ƙin amincewa da taken aro, da wasiƙar shaida wadda aka rubuta da sanin mutum, da kiran waya ɗaya zuwa ga tsohon ɗalibin da ya zama darakta a wani wuri, waɗannan ba su cin kuɗi. Makarantun babban karatu na jami'o'inmu kuma da za su ware yini guda kowace shekara, su kira ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, ɗalibai su tsaya su faɗi abin da suka gano cikin minti biyar, da Hausa in ta kama, da an ga abin mamaki.

'Yan'uwanmu mata masu wannan karatu, waɗanda yawancinsu suna yinsa ne da goyo a baya da tukunya a kan wuta, nasu shirin ya fi bukatar a fara shi da wuri, domin sai an zauna da maigida da iyaye an daidaita a kan irin aikin da inda za a yi shi tun kafin takarda ta fito. Bukatarsu kuwa a yankinmu ba ta misaltuwa, saboda akwai ɗakunan da namiji, ko da digirinsa goma, ba zai shiga ya tambayi mai jego abin da take ci ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta gane wannan tun kusan shekara 200 da suka wuce, da ta riƙa naɗa jajis tana ɗora musu malfa, tana tura su ƙauyuka su karantar da mata 'Yan Taru. Ba ta bar ɗalibarta ta zauna tana tunanin inda za ta kai karatunta ba.

Sauran magana tana kanmu, mu mutanen gari. Kusan kowane gari a ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo yana da ƙungiyar ci gaba da ƙungiyar ɗalibai, yana kuma da 'ya'yansa da suke aiki a Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas, sai dai taimakon da ake yi a ɓoye ake yinsa, ɗan wane ya kira kawunsa, wanda ba shi da kawu kuwa ya rungumi jakar ledarsa. Ina roƙon shugabannin waɗannan ƙungiyoyi, da hakimai da limamai da za su sa musu albarka, idan sallar nan mai zuwa ta zo, kowa ya dawo gida, a ari aji guda a firamaren gari kashegarin salla, a zauna a rubuta sunan duk mai babban karatu da fanninsa da abin da yake bincike a kai, a rubuta sunan duk ma'aikaci da inda yake aiki, sa'an nan a damƙa wa kowane ma'aikaci ɗalibi ɗaya, ba tare da duba gidan da ya fito ba, ya karanta masa takardar tarihin karatunsa ya gyara, ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyin gwaji irin na intabiyu har bakinsa ya saba, ya riƙa aiko masa da sanarwar gurabu tun ba a rufe ba. A kuma yi ɗan asusu wanda za a riƙa ba da kuɗin mota daga ciki ga wanda aka kira ganawa a nesa, domin na san waɗanda aka kira ba su je ba saboda kuɗin mota kawai.

Abin da ake bukata a fara da shi littafin rajista ɗaya ne da biro, da mutum guda amintacce wanda zai ɗauki nauyin riƙe su. Mutanen Maikujera, ku muke so mu fara ji daga gare ku, garin da ya riga yi kuma ya aiko mana da labari mu karanta a wannan fili.